Yadda za ku yi wa coci ado mai ma'ana a nan Sakkwato

'Yan kwamitin ado da iyayenmu na Zumuntar Mata da matasan da kullum ake jibga ma aikin gyaran coci ran Asabar da yamma, wanga rubutu naku ne. Dalili kuwa shi ne yanzu in ka shiga wasu majami'unmu, daga Mabera har Dambuwa, sai ka ɗauka zauren biki ka shigo, labule kala biyar an nannaɗe shi tun daga silin har ƙasa, ga balan-balan, ga wutar nan mai ƙyaftawa, furen roba ya cika bagade har Baba Fada ko Baba Fasto ya rasa inda zai aje Littafi Mai Tsarki, gicciyen kuma yana can baya labule ya rufe rabinshi. An kashe kuɗi kam, an kuma wahala, amma in ka tambayi wanda ya yi aikin mi ya sa ya zaɓi ja yau ba kore ba, sai ya ce shi ne yadin da ya samu da araha. Toh ai kowane launi da kowace alama da ake sa wa a wurin sujada akwai abin da take faɗa, kuma mutum yana fara karanta bango tun kafin mai wa'azi ya buɗe baki.

Kafin ku je kasuwa ku fara zuwa wurin shugaban ikilisiyarku, don ba duka ɗarikoki ke tafiya a layi ɗaya kan wagga magana ba, kuma rigimar tsohuwa ce ƙwarai. Mai cewa a'a zai buɗe maka Fitowa 20:4 inda anka hana sassaƙa gunki. Mai cewa i zai ce ka ƙara gaba kaɗan zuwa sura 25 inda Allah da kanshi ya ce a ƙera kerubobi biyu na zinariya bisa akwatin alkawari, da sura 31 inda ya cika Bezalel da Ruhunsa don aikin hannu. Wajen shekara ta 600 Fafaroma Giregori Babba ya rubuta ma wani bishop a Marsel ta ƙasar Faransa wanda ya farfasa hotunan coci, ya yaba mishi da ya hana a yi musu sujada amma ya ce bai kyauta ba da ya fasa su, don abin da rubutu ke yi ma mai karatu shi ne hoto ke yi ma wanda bai iya karatu ba. Taron Nisiya na biyu a 787 ya yarda a girmama hotuna amma bauta ta Allah ce shi kaɗai. Da gyaran ikilisiya ya zo kuma, wato lokacin da Furotesta sunka rabu da Katolika, sai mutanen Zurik ta ƙasar Suwizalan ƙarƙashin jagoransu Zwingli sunka kwashe hotunan majami'unsu kaf a 1524. Shi ya sa yau za ka ga cocin Katolika da mutum-mutumin Maryamu da gicciye mai siffar Yesu a jiki, Angilikan da Lutaran suna bin launuka sosai, mu kuma da ke da 'yan'uwa a ECWA da Baftis da COCIN mun san can gicciye ne tsura da ayoyi a bango, wani wurin ko kyandir ba a kunnawa. Kar ku je ku sayo mutum-mutumi ku dasa a cocin ECWA ku ce ai kun gani a katidiral, dattawan ikilisiya za su sauke shi kafin sujadar Hausa ta fara, kuma da gaskiyarsu.

In an ba ku izini, abu na farko shi ne ku je ƙofar shiga ku tsaya inda baƙo zai tsaya, ku ga ina ido ya fara sauka. Ya kamata ya sauka kan gicciye, sannan bagade ko teburin Jibin Ubangiji, sannan mumbari inda ake karanta Maganar Allah. Duk abin da ya fi waɗanga ɗaukar ido to ya yi yawa, ko da kyautar wani babba ce. Nan ne nike da matsala da banar nan ta fileks da ake bugowa lokacin taron farkawa ko bikin cikar shekara, hoton Baba Fasto da Mama ya cinye rabin bango, gicciye kuma ɗan ƙarami a kusurwa. Ba rashin ladabi ba ne a ce a kai ta bakin ƙofa ko ofis, fastocin da na sani da yawa su ma ba so suke ba, kunyar waɗanda sunka biya kuɗin bugawa ce ke hana su magana. Agogon bango da kalandar kamfani da allon sanarwa su ma su koma baya ko gefe.

A Katolika doka ce a samu gicciye mai siffar Almasihu a kan bagade ko kusa da shi inda jama'a za su gan shi. Guda ɗaya babba ya isa. Wasu sai su sa ɗaya a bango ɗaya a tebur ɗaya a mumbari ɗaya a labule, har ido ya saba ya daina ganinsu.

Yanzu maganar launi, wadda ita ce ta fi rikita mutane

Tsarin ba jiya anka fara shi ba, tun wajen shekara ta 1200 Fafaroma Inosen na Uku ya rubuta yadda ake amfani da fari da ja da baƙi da kore a Roma, daga baya shunayya, fafal ɗin nan, ta samu wurinta. Shekarar ibada tana farawa da Adben, wato Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba ke nan, launi shunayya don lokacin jira ne da shirin zuciya. Kirsimeti fari, ana iya haɗawa da ruwan gwal. Daga nan kore na 'yan makonni. Larabar Toka, ranar da ake shafa toka a goshi a fara azumi, ta zo a koma shunayya har kwana arba'in na azumi. Lahadin Dabino da Jumma'a Mai Kyau ja, saboda jini. Ista fari har kwana hamsin. Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, ja kuma, amma wanga karon saboda wutar Ruhu Mai Tsarki. Sannan kore ya dawo ya zauna har Adben na gaba. Akwai ruwan hoda da ake iya sawa sau biyu kacal a shekara, Lahadi ta uku ta Adben da ta huɗu ta azumi, in ba ku da shi shunayya ta wadatar, kar ku ci bashi a kanshi. Ranar tunawa da waɗanda anka kashe saboda bangaskiya ja ne. 'Yan Katolika ku kam an sauƙaƙa muku, akwai ɗan littafin Odo da ke faɗin launin kowace rana, ku tambayi Baba Katikis, kar ku dogara da abin da wani ya turo a WhatsApp don Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu kuma duk sauran ranakun azumi da Fentikos suna binta.

In kuɗi bai isa a sayi duka lokaci guda ba ku fara da kore, shi ne zai yi aiki mako 33 ko 34 a shekara, don haka a nan ne za ku sa yadi mai nauyi mai jure wanki. Sai fari, sai shunayya, ja ya zo ƙarshe tunda ranakunshi kaɗan ne. Kuma ba sai an lulluɓe coci duka ba fa. Ƙyalle ɗaya da ke sauka gaban bagade, ɗaya a mumbari, tuta biyu a gefe in akwai hali, shi ke nan an gane lokacin da ake ciki. Saman bagaden kanshi farin ƙyalle ne kullum, launin lokacin a gaba yake ratayewa.

Wurin saye, Babbar Kasuwa akwai komai. Ni dai shawarata ku guji satin mai ƙyalli ɗin nan na masu kwalliyar biki, yana sheƙi a hoto amma wanki biyu ya saki jiki, fanka kuma na kaɗa shi ta ko'ina. Shadda mara zane mai yawa ko yadin auduga mai kauri ya fi zama. Ku fito da yadin waje ku dube shi cikin rana kafin ku biya, don a cikin rumfa shunayya da shuɗi mai duhu kusan ɗaya suke. Ku yanki ɗan ƙyalle ku jiƙa ku goga a farin hankici, in ya zuba to kun san ba za a taɓa wanke shi tare da fararen ba.

Garinmu ma yana da nashi sharaɗi. Adben da Kirsimeti suna faɗowa tsakiyar hunturu, farin ƙyallen da kunka shimfiɗa ran Asabar da la'asar kafin safiyar Lahadi ya koma ruwan ƙasa, don haka ko ku shimfiɗa da sassafe ko ku rufe shi da tsohon zane mai tsabta a yaye kafin a fara. Azumi da Ista kuma lokacin bazara ne, zafi yana wuce digiri 40, kyandir in an bar shi tsaye cikin ɗaki mai rufin kwano da kanshi zai lanƙwashe. Ku kwantar da su a kwali a wuri mafi sanyi, ƙasa-ƙasa, ku fito da su daf da sujada. Fankar sama tana sa kyandir ya ci gefe ɗaya ya ɗiga a ƙyalle, gilashin fitila da ake sa mishi a kai yana maganin wannan. Kuma don Allah tazara tsakanin kyandir da labule, yadin roba in ya kama ba ya jira.

Alamomi kuma kar ku sa wadda ba za ku iya bayyana ma ɗan makarantar Lahadi ba. Kurciya Ruhu Mai Tsarki ce, daga baftismar Yesu a Matiyu 3:16, shi ya sa ake zana ta tana saukowa kai ƙasa, ta dace da Fentikos da ranar baftisma da tabbatarwa. In kuwa da ganyen zaitun a bakinta to labarin Nuhu ne a Farawa 8, salama take nufi, wasu na haɗa su biyun ba su sani ba. Harsunan wuta Ayyukan Manzanni sura 2. Ɗan rago riƙe da tuta Almasihu ne da ya tashi, na Ista ne. Kifi tsohuwar alama ce tun zamanin da ake tsananta ma masu bi a daular Roma, haruffan sunan kifi a Girkanci su ne farkon kalmomin Yesu Almasihu Ɗan Allah Mai Ceto. Wadda ke kama da X da P a haɗe haruffa biyu ne na farkon sunan Almasihu a Girkanci, ta yi suna tun yaƙin da sarki Konstantin ya ci a 312, IHS kuma farkon sunan Yesu ne. Alfa da Omega na cikin Wahayi, farko da ƙarshe. Ku lura da maɗinki a nan, don na sha ganin an juya Omega ta kalli sama. Alama ɗaya a tuta ɗaya, babba, wadda na kujerar baya zai gane.

Ga inda nike ganin muna barci. Muna zaune a garin da anka san shi da jan fatar akuya har ƙasashen waje, ga dukawa ga masu aikin surfani da ke zuba aska da tambari a babbar riga, ga masu saƙa faifai da tabarma da masu sassaƙa ƙwarya, amma duk abin da ke cikin cocinmu roba ce daga kwantena. Baduku zai yi muku rigar Littafi Mai Tsarki ta mumbari da za ta yi shekaru, zai yi jakar baiko. Mai surfani zai ɗinka kurciya ko zangarniyar alkama a gaban ƙyallen bagade da zaren da ba ya kwarewa kamar fenti. Yawancin masu sana'ar nan 'yan'uwanmu Musulmi ne, don haka ku faɗa ma mutum gaskiya tun farko cewa aikin coci ne kuma ga abin da za a zana, wani zai karɓa, wani zai ce zai yi ganye da bakin ado amma ban da gicciye, wani zai ba ku haƙuri gaba ɗaya, duk ba abin faɗa ba ne, ku yi godiya ku nemi wani ko ku kai ma telan cikin ikilisiya ya ƙarasa.

Wanga tunani ba sabo ba ne a Najeriya. A 1947 Fada Kevin Carroll da abokan aikinshi sun buɗe wurin sana'a a Oye-Ekiti inda masassaƙan Yarbawa irin su George Bandele da Lamidi Fakeye sunka riƙa sassaƙa ƙofofin coci da labaran Linjila da salon gida. Bruce Onobrakpeya ya zana Hanyar Gicciye, wato hotunan tafiyar Yesu daga yanke hukunci zuwa kabari, a cocin Saint Paul na Ebute Metta a Legas da mutane sanye da kayan ƙasarmu. A arewacin Kamaru kuma cikin shekarun 1970 mutanen Mafa sun yi wasan labaran Yesu a ƙauyukansu anka zana su, in ka kalli hotunan za ka ga bukkoki da rumbuna da tulu irin namu. Ni ban ce a yage hoton Yesu mai gashin Turawa da kaka ta saya da kuɗinta ba, amma yara su san ba wanda ya ɗauki hotonshi, kuma a Baitalami anka haife shi ba a Turai ba.

Sai dai hoto mai fuska ya tsaya ciki. Maƙwabtanmu suna girmama Annabi Isa kuma a wurinsu zana annabi abu ne mai nauyi, kowa ya san garin da muke. A bangon waje da allon bakin titi da banar da za a rataya a hanya sunan coci da lokacin sujada da gicciye ko aya sun isa, ba mu rage komai daga bangaskiyarmu ba.

In za a rubuta aya a tuta a taƙaita. Ya tashi. Ni ne hasken duniya. Ubangiji makiyayina ne. Masu rubuta allo suna lissafa kamar inci ɗaya na tsawon harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa, don haka ku auna daga tuta zuwa kujerar ƙarshe kafin ku je wurin mai bugawa. Ku kwafo daga fassarar da cocinku ke karantawa, don tsohuwar ta 1932 tana cewa Yohanna wata da ta biyo baya tana cewa Yahaya, kar tuta ta ce ɗaya mai karatu ya ce ɗaya. Ku tsaya a kan mai kwamfuta ya sa ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ, ku karanta a fuskar kwamfutar kafin ya buga. Tunda cocinmu haɗin gambiza ne, mutanen Zuru da Yawuri da Kudancin Kaduna da Filato da Ibo da Yarbawa da Tibi, tuta ɗaya Hausa ɗaya Turanci ya fi a cusa harsuna biyu a ƙyalle guda.

Na lokuta na musamman, kambin Adben wani fasto Bajamushe ne Johann Wichern ya fara shi a Hambag a 1839 don yaran da yake reno su riƙa ƙirga kwanakin Kirsimeti. Can da ganyen itacen da ba ya kaɗewa a sanyi ake yi, mu nan ganyen mangwaro a kewaye babban faifai ko tire mai yashi ya yi, a canja shi duk mako in ya bushe. Kyandir huɗu, uku shunayya ɗaya ruwan hoda, in babu masu launi a ɗaura ma farare ribon, ana ƙara kunna ɗaya kowace Lahadi. Komin dabbobi na Kirsimeti kuma Waliyyi Faransis na Asisi ne ya yaɗa shi daga Greccio a Italiya a 1223. Kara da zana da ciyawa da ɗan yashi sun gina shi, mai ginin tukwane zai iya ƙera muku tumaki da jaki da laka, yaran makarantar Lahadi ma za su iya kuma za su fi kowa murna. A gefe ake aje shi ba kan bagade ba, jaririn sai daren 24 ga Disamba, masana taurari kuma sai Efifaniya, ranar tuna zuwansu, wajen 6 ga Janairu.

Azumi shi ne lokacin da kwamiti ke shan wahalar riƙe hannu, don aikin a nan ragewa ne. A Katolika ba a yi ma bagade ado da fure cikin azumi in ba Lahadi ta huɗu da manyan idi ba, daga Lahadi ta biyar ana iya lulluɓe gicciye da mutum-mutumi da shunayya, daren Alhamis Mai Tsarki kuma a kwashe komai bagade ya zauna tsirara. Wata uwa za ta zo ta ce coci ya yi fayau ba kyau, ku ce Mama haka ake so, ki jira daren Ista. In an cika wuri da fure tun Fabrairu to ran tashin Almasihu mi za a ƙara?

Lahadin Dabino ba mu da kwakwar manja kamar kudu, amma ga dabino ga kaba ga giginya, ku yi magana da masu kawowa daga ƙauye tun da mako guda, ku jiƙa gindin a bokiti a inuwa. Wanda ya rage kar a zubar, shi ake busarwa a adana a ƙona don tokar Larabar Toka ta baɗi. A ƙona shi a kasko mai tsabta a tankaɗe da rariya mai laushi. Kar wani ya yi dabara ya ɗebo tokar murhu, kowace mace ta san yadda ruwan toka ke cin hannu, balle goshin yaro. Kyandirin Ista babba ne guda, da gicciye da Alfa da Omega da lambobin shekarar a jiki, yana ci har Fentikos sannan ya koma wurin baftisma, ana kuma kunna shi ranar jana'iza. Hotunan Hanyar Gicciye 14 ne, adadin da Fafaroma Kilemen na 12 ya tsayar a 1731, ku jera su bi da bi daidai tsayin ido, ku duba lambobin da kyau bayan an yi fenti don masu fenti na mayar da su yadda sunka ga dama.

Godiyar kaka kam ba sai na koya muku ba, damin gero da dawa da buhun shinkafa da albasa da kabewa a gaban bagade sun fi kowane ribon, a dai bar hanyar wucewa.

Bayan an sauke kaya a wanke kowane launi daban da ruwan sanyi, a shanya ja da shunayya a inuwa don ranar Sakkwato tana cinye su cikin wuni ɗaya, a goge a naɗe tutoci a jikin sanda maimakon ninkewa saboda kar surfanin ya karye. Akwatin ƙarfe da kafur a ciki, a ɗora shi kan bulo saboda gara da ɓera. Furen roba in dole sai da shi a riƙa tsoma shi a ruwan omo duk wata. Ku samu littafi guda ku rubuta abin da ke akwai da awon kowane ƙyalle da ranar da ake canjawa, ku ɗauki hoton kowane lokaci da waya ku aje a gurup ɗin kwamiti, don yawancin membobinmu ma'aikata ne da sojoji da ɗalibai da 'yan bautar ƙasa, ana yi musu canjin wuri ba shiri, wanda zai karɓi makullin akwatin baɗi wataƙila yanzu ko garin bai iso ba.